Neman shawara: jami'a ko warsha, ina zan tura ɗana?

Wata uwa, Gadarif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ɗana na fari ya ci shahada, wato jarrabawar kammala sakandare. Yana cikin waɗanda yaƙin nan namu na Sudan ya hana zama jarrabawa a 2023, sai ƙarshen Disamban 2024 suka rubuta. Makinsa ya isa ya karanta tattalin arziki a jami'a, amma ya kafe, wai warsha, wato shagon masu gyara, zai shiga ya koyi haɗa sola da gyaran famfon ban-ruwa. Hujjarsa wani maƙwabcinmu mai digiri da ke tuƙin raksha, babur mai ƙafa uku. Babansu ya rasu, ni ce uwa ni ce uba, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa taka jami'a. Ga abokansa suna zuga shi su tafi haƙar zinariya wajen Abu Hamad, wannan ma shi ke hana ni barci. Don Allah ku ba ni shawara.

Tsohon malamin makaranta, Sinnar:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya jiƙan maigidan. Yaronki bai yi wauta ba. Tun 1990 aka yi ta buɗe jami'o'i a jihohi, kujeru suka yawaita, amma kayan gwaji da ƙwararrun malamai ba su yawaita tare da su ba. Mu da muka riƙe alli mun sani, hadda muke koyarwa don a ci jarrabawa. Lokacin da ake fitar da fetur, daga 1999, ofis na ɗaukar masu takarda, aibin bai fito ba. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, sai asiri ya tonu. Abin da ya rage mana shi ne ƙasa: riɗi, dawa, ƙaro, dabbobi, auduga. Ki duba kasuwar amfanin gona ta garinku, riɗi nawa ke fita ta tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan a buhu yadda aka girbe shi? Ƙaronmu ma haka, yawancinsa ɗanye yake tafiya, a Turai ake sarrafa shi a ci ribar. Wanda zai tayar da injin matse mai ko na tace riɗi, ya gyara shi in ya tsaya, shi muka rasa.

Ma'aikaciyar jinya, Kassala:
Malam, da girmanka, ban yarda a bar jami'a ba. Mu Hausawan ƙasar nan mun daɗe a baya wajen boko, shi ya sa ba a cika ganinmu inda ake yanke shawara ba. In kowa ya riƙe sifana, wa zai zauna a ma'aikatar gona ya yi magana da yawun manomanmu? Yaya, ki lallashe shi. Sai dai ya canza fanni, ya nemi injiniyan lantarki ko aikin gona in makin ya kai.

Bakanike, Madani:
Inna, ni a warsha na tashi, bari in faɗa miki abin da nake gani. Tun da aka dawo Madani a farkon 2025, wuta ba ta tsayawa, gas ɗin injin ya yi tsada, duk mai gona a bakin kogi sola yake nema. Aiki ya fi ƙarfinmu. Amma yaran da ke zuwa, wasu da takardar injiniya, ba su iya riƙe mitar awon wuta ba. Waɗanda suka koya a hannu kawai kuma ba su iya lissafin faifan sola nawa famfo ke buƙata ba, sai su haɗa da ka, inbata ta ƙone, manomi ya yi asara. Takardun da ke zuwa da kayan ma yawanci da Turanci suke. Yaron da ya ci shahada yana da lissafin, hannun ne ya rage masa. Ki nemo masa ubangida mai amana, wanda zai bar shi ya taɓa waya, ba mai aiken sayen shayi ba. In akwai cibiyar koyon sana'a kusa, ya yi rajista don ya fita da takarda.

Zancen zinariya kuwa, ki tsaya kai da fata. Da zaiba suke wanke ta, tana cin jiki a hankali, rami kuma na ruftawa da mutane.

Wata uwa, Gadarif:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ƙanwata ta Kassala, maganarki ta shige ni, don abin da ke raina ke nan. Na zauna da shi da kawunsa, mun tsaya a kan zai cike takardar neman jami'a ya sa lantarki a farko, kafin sakamako ya fito kuma ya fara zuwa warsha. Ya yi mini alkawarin barin zancen Abu Hamad. Ɗana bakanike, a wajenku ubangida ne ke ba yaro na abinci, ko mu ne za mu biya kuɗin koyo?

Bakanike, Madani:
Ya danganta da mai warshar, Inna. Mu muna ba yaro na karin kumallo da na mota, in hannunsa ya faɗa a fara yanka masa kaso a kowane aiki. Kawunsa ya je da kansa a yi maganar gaban shaidu, a kuma faɗa wa mai warshar tun farko cewa in jami'a ta kira, yaron zai riƙa zuwa warsha lokacin hutu kawai.