Neman kalma: me za mu kira manhajar da ake "tuning" ɗin motoci masu tobo da ita?

Jama'a salamu alaikum. Yau kalmar da nake so mu tattauna ta gareji ce, don haka makanikai da 'yan rewaya da direbobin tirela ku matso, ku ne masu abin. Bature yana cewa engine tuning software ko ECU remapping, yaranmu masu son gudu da mota kuma sun ɗauko sun ce "tunin" ko "rimaf". Ni dai a kunnena tunin ɗin nan kamar tuni yake fita, wato tunatarwa, in ka ce wa dattijo za ka kai motarka tuni zai ɗauka bashi ake binta.

Bari in fara faɗin menene abin tukunna, saboda rabin gardamar da ake yi a irin wannan zaren daga rashin sanin abin da ake raɗa wa suna take tasowa.

Duk motar zamani akwai wani ɗan akwati a cikinta, shi makanikai ke kira biren bos, wasu su ce ƙwaƙwalwar mota, shi ne ECU ɗin da bature ke faɗa. Shi ne ya gaji aikin kafireto da distiributa. Bosch ce ta fito da wanda ya haɗa mai da wuta a akwati ɗaya, Motronic, a BMW 732i a 1979. A cikin akwatin ba wani tunani ake yi ba, jadawaloli ne kawai cike da lambobi. Gefe ɗaya gudun juyawar injin, ɗaya gefen nauyin da aka ɗora masa wato yadda ka taka totur, to duk inda biyun suka haɗu akwai gida, a gidan an rubuta lamba: nozul ya fesa mai kaza, fulogi ya ba da wuta a daidai lokaci kaza. In motar mai tobo ce, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, sai a ƙara wani jadawalin da ke cewa iska nawa za a dannawa injin. Manhajar da muke nema wa suna ita ce wadda ake buɗe jadawalolin nan da ita a laftof, a canza lambobin, a mayar cikin akwatin. Irinsu WinOLS ta Jamus, ECM Titanium ta kamfanin Alientech na Italiya, HP Tuners da Cobb na Amurka, EcuTek ta Ingila, Hondata ta masu Honda. Yawanci ta wannan soket ɗin mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari ake shiga, wanda mai sikana ke soka wayarsa in an ce a sa wa mota kwamfuta, tun 1996 Amurka ta wajabta shi shi ya sa duk 'yar Kwatanon da ta fito daga can za ka same shi.

Toh yanzu ga sunayen da jama'a suka kawo zuwa yanzu.

Na farko da kowa ya fara jefowa shine "saiti". Manhajar saitin injin. Ba laifi, kuma gaskiya ita ce a bakin mutane, amma matsalar saiti ta riga ta yi aiki da yawa a gareji, saitin taimin, saitin sulo, saitin bawul, saitin ƙafa, har saitin fitila. In ka shiga wajen makaniki ka ce Oga a yi mini saitin injin wallahi sukundireba zai ɗauko ba laftof ba. Kuma saiti mayar da abu ne yadda kamfani ya ce ya zauna, wannan kuwa kauce wa abin da kamfani ya rubuta ake yi da gangan.

Wani ɗan'uwa mai gyaran waya ya ce ai mu a kasuwa "filashin" muke cewa, a bar shi haka. Malam ka yi kusa ƙwarai, don su ma turawan suna cewa flash ɗin. Sai dai filashin shine matakin ƙarshe kawai, zuba fayil ɗin cikin akwati, wanda yaron shago ma zai iya in an nuna masa inda zai danna. Aikin gaske yana wajen wanda ya zauna ya san wace lamba zai taɓa da wadda in ya taɓa fistin zai narke. Don haka filashin ta zauna a matsayinta, ba ita ce sunan sana'ar ba.

Masu "wankin ƙwaƙwalwa" da masu "ƙarin ƙarfi" na gan ku, Allah ya shirye ku. Ta biyun nan in ka rubuta a allon shago ba masu mota ne za su yi maka layi ba.

"Horon injin" ta burge ni da farko, kamar horon doki, har wani ya ƙara da "sakin linzami" tunda kamfani ne ya ja wa injin linzami. Tana da daɗi a baki amma tana ba da hoton da ba daidai ba, kamar dai ƙarfin yana nan a ɗaure kyauta kamfani ya hana ka don mugunta. Ba haka bane, zan dawo kan wannan.

Ni abin da nake ba da shawara shine AWO.

Ku duba abin da akwatin ke yi daga tayar da mota har kashe ta: yana auna iskar da ta shiga, ya auna man da zai bi ta, ya auna lokacin wuta. Injin fetur a tafiya ta yau da kullum yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 ta fuskar nauyi, in aka taka tobo ya buɗe sai a ƙara mai ya sauko wajen 12 ko ƙasa kaɗan don man ya sanyaya cikin silinda. Wannan duk awo ne, ba wani abu ba. Jadawalin da bature ke kira map sai ya zama "jadawalin awo", wanda kamfani ya zuba "awon kamfani", remap kuma "sake awo" ko "sabon awo", manhajar ita ce "manhajar awon injin", mai sana'ar "mai awon injin". Gwada a jimla ku ji: motar nan awon kamfani ne a kanta ko an sake mata? Wa ya yi maka awon nan, ai ya cika mata mai. Kar ka saya, an taɓa awonta. Duk sun zauna ba tare da an yi bayani ba.

Hajiya da kika ce awo ai na asibiti ne da na hatsi, haka ne ranki ya daɗe, har da na tela ma. Amma kalmar da ke da gidaje da yawa ba aibu bane in dai mahallin yana rabewa, ba wanda zai ji "awon injin" ya nufi asibiti. Abin da nake gudu shine doguwar fassara irin "manhajar daidaita tsarin sarrafa injin mota", mun ga abin da ya faru da na'ura mai ƙwaƙwalwa, kalma ce mai kyau amma kwamfuta ta kayar da ita a kasuwa saboda gajarta, sai a labaran rediyo kake jin ta. Makami mai linzami ya rayu ne don ba shi da gajeren kishiya a bakin mutane.

Sai tobo kansa. Nan ni ban ga abin wahalar da kai ba, direbobin DAF da Howo da masu Hilux ta gas sun daɗe suna cewa tobo, ta zama tamu kamar yadda salansa da lagireto suka zama. Abin da ba mu da shi shine sunan abin da tobo ke samarwa, boost. Kuma nan ne wani bawan Allah da ya ce gidansu maƙera ne ya kawo kalmar da ta fi duk abin da na zo da shi: zuga. Tobo ai zugazugi ne, bambancin kawai ba yaro ne ke zaune yana dannawa ba, hayaƙin da injin ya fitar ne ke juya wata farfela kafin ya wuce salansa, ita kuma tana haɗe da wata farfelar a ƙarfe ɗaya wadda ke cusa iska cikin injin, juyawar tana wuce 100,000 a minti ɗaya, ƙananan ma suna haura 200,000. Wuta ta samu iska ta ci mai da yawa ta ba da ƙarfi, daidai abin da ke faruwa a maƙera. Wani injiniya ɗan Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar a 1905. Don haka boost = zuga, a ce zugarta bar 1 ce (bar ma'aunin matsin iska ne, zuga kuma ƙari ce a kan iskar waje), an ƙara mata zuga, zuga na zurarewa ta tiyo. Kuma ga ɗaya ma'anar ta zuga mutum ya yi abin da ya fi ƙarfinsa, wadda ita ma ta dace da abin da wasu ke yi wa injinansu.

Wannan ne ma dalilin da ya sa maganar sake awo ta fi tashe a motoci masu tobo. Corolla ko Camry marar tobo iskar da za ta shaƙa ita ce dai wadda Allah ya hore, kusan bar 1 a bakin teku, a Jos ma ba ta kai ba saboda tudu, ko ka kwana kana canza lambobi abin da za ka samu kaɗan ne. Amma mai tobo akwai wata 'yar ƙofa da ke karkatar da hayaƙi ya kauce wa farfela in zuga ta kai iyakar da aka sa, kuma akwatin ne ke ba da umarnin buɗe ta. Ka canza lamba ƙofar ta jinkirta buɗewa, zuga ta ƙaru, ka bi ta da mai, shikenan ƙarfi ya ƙaru ba ka kwance ko noti ɗaya ba. Shi suke kira stage 1, mu ce "awon farko". In an canza salansa da na'urar sanyaya iska sannan aka sake lambobi ya zama "awo na biyu".

In dawo kan "sakin linzami". Kamfani bai rage awon don rowa kawai ba, ya bar rata ne saboda bai san inda motar za ta ƙare ba, ko Nowe cikin ƙanƙara ko Sakkwato a watan Afrilu ana 40 da ɗoriya, bai san ko man gidan mai za ta sha ko na galan a bakin titi ba, ga dokar hayaƙi ga garanti. Ratar nan ita mai sabon awo ke ci. Fayilolin da ake saukewa a intanet ko ake saya a WhatsApp da yawansu an rubuta su ne don fetur mai oktan 98 na Turai (oktan shine ma'aunin yadda fetur ke jure matsi bai fashe da kansa ba) da iska mai sanyi, ka zuba wannan a mota a Kano da rani tana jan esi a go-sulo, sai man ya riƙa fashewa da kansa a silinda ba bisa tsarin wutar fulogi ba. Akwai sensa da ke saurarar wannan ta sa akwatin ya ja wuta baya, wato ya jinkirta wutar fulogi, Saab ma tun 1982 ta haɗa irin wannan sensa da sarrafa zuga a motarta 900 don ta iya shan mai iri-iri, amma sensa tana da iyakar abin da za ta iya cetowa, balle in mai awon ya dakushe ta don kar ta rage masa lambar ƙarfin injin da zai nuna wa kwastoma.

Nan ma akwai tarkon kalma. Bature yana kiran wancan fashewar knock, mu kuma a gareji in an ce injin ya yi nokin ko "ya buga" ana nufin ya mutu, sai an sauke shi. Abu biyu ne daban, na farkon na iya kai wa ga na biyun in ya daɗe. Ina ganin na farkon mu ce "ƙwanƙwasa", tunda ƙarar da ake ji kenan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka a babbar giya, "bugawa" kuma a bar wa mutuwar injin.

Wani abu da ba na so a sa shi ƙarƙashin awo: wanda aka cire wa mota indomi, wato matatar hayaƙin da ke hanyar salansa, aka sayar, fitilar cek ta kama, sai a je a shiga akwati a kashe lambar laifin don fitilar ta mutu a kai kasuwa. Da manhaja ɗaya ake yi, gaskiya ne, amma wannan ba a auna komai ba, "toshe baki" sunansa. Manya ma sun yi irin nasu, Volkswagen a 2015 aka kama ta da manhajar da ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi ta canza hali, motocin gas kusan miliyan 11 abin ya shafa. Masu sayen mota a Kaduna da Kano ya kamata su iya tambaya da Hausa ko an toshe mata baki, dillali ya gane me ake nufi.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, na san ku calculateur kuke ce wa akwatin, jadawalin kuma cartographie, to ku gwada "awon injin" da "zuga" a garejinku ku ji ko za su shiga kunne, don amfanin kalmar Hausa kenan a nan, biren bos ba ta tsallaka Jibiya, taku ma ba ta zuwa Panteka ta Kaduna.

Wadda ta rage ban gamsu da ko ɗaya ba ita ce 'yar ƙofar hayaƙin nan, wastegate. An kawo "ƙofar ɓaraka", an kawo "mashaƙa", wani ya ce "magudana". Mashaƙa shiga take nufi ba fita ba, ɓaraka kuma kamar lalacewa ce alhali aikinta kenan ta buɗe. Na fi karkata ga "ƙofar rage zuga" duk da ta yi tsawo. Oga masu gyaran tirela a Ƙofar Ruwa, ku da kuke kwance ta kullum, me kuke ce mata in za ku aiki yaro ya ɗauko?