Ina Ladan Aikina? Musayar Baitoci Daga Kaduna

Ɗan Narayi:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Abin da ke cina a rai ne na sa a baiti. Mai amsawa ya rufe kowane baiti da "na".

Na kama azumi, ban karya ba,
Zakkar kuɗina ban taɓa ci ba,
Addu'ar asuba ban fasa ba,
To Ubangiji, ina ladan aikina?

Na gama bautar ƙasa da daɗewa,
Takardun neman aiki na gaji da rabawa,
Wanda ba ya zuwa sujada shi ke hayewa,
Ni ina Narayi ina cizon yatsana.

Tsohon Masaƙa, Kakuri:
Ɗana, na bi baitinka daki-daki,
"Na yi" na gani, sai azumi, sai aiki,
Ka tsaya gaban Uba kana neman haƙƙi,
Ko sau ɗaya ban ji ka ambaci ƙauna.

Luka 18, ka je ka duba,
Bafarisiye ya tsaya bai sunkuya ba,
Azumi biyu a mako, zakka bai rage ba,
Aka karɓi mai haraji da ya ce, "Ka ji tausayina."

Ku yara ba ku ga Kakuri da ranta ba. Tun 1957 da masaƙar farko ta fara aiki, in jiniya ta busa lokacin canjin aiki, kekuna kan cika titi har mai tafiya a ƙasa ya rasa wurin sa ƙafa. Da aka shiga shekarun 2000 sai ƙofofin suka riƙa rufuwa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga tamu.

Da jiniyar masaƙa ta daina kira,
Albashi ya yanke, ga gida ga yara,
Ba baikon da zan kai, ko na naira,
Na ce yau Allah zai manta da sunana.

Na koma bencin baya ba ni da ƙarfi,
Ina ganin talaucin nan ma laifi,
Aka karanta Romawa 5, kalma mai kaifi:
Tun ina mai zunubi Almasihu ya mutu domina.

Mama Zumunta, Sabon Tasha:
Baba, ku sassauta, yaron na da ciwo,
Dawuda ma ya koka, shi da ya taso a kiwo,
"Har yaushe, ya Ubangiji?" haka ya kawo,
Zabura 13 ce, ba ƙagen bakina.

Ɗana, ka tuna wan yaron nan da ya ɓace,
Ya jiyo kiɗa da rawa a gida, ya kauce,
"Ko ɗan akuya ba ka ba ni ba," ya ce,
"Shekara da shekaru ina bauta a gona."

Uban ya bar biki ya fito wurinsa,
Yana lallashi, ba ya ƙirga aikinsa,
Abin da ya faɗa masa, kai ma ka riƙe amsa:
"Duk abin da nake da shi naka ne, ɗana."

Wan nan shi ya fi ba ni tausayi a duk Luka 15. Yana kwana a gidan ubansa, amma zuciyarsa ta ɗan ƙwadago ce mai jiran biya da yamma. Mu da muka tsufa a ikilisiya mun fi faɗawa wannan rami.

'Yar Kwaya, Unguwar Rimi:
Mama, gafara dai, ina da tambaya,
In alheri ne ya biya gaba ɗaya,
Me zai hana kowa ya juya baya,
Ya bar azumi da baiko, ya ce "An biya mana"?

Yakubu ya rubuta, ba a share ba,
Bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba,
Matacciya ce, ba ta ceci kowa ba,
A warware mini wannan, ya ɗaure kaina.

Malamin Makarantar Lahadi, Unguwar Television:
Tambayarki ta yi, 'yar'uwa. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto ta alheri ne, ba ta ayyuka ba, kada kowa ya yi fahariya. Kada ki tsaya nan, ki sauka aya ta 10: an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Aikin yana nan daram, bayan ƙaunar yake zuwa.

Bitrus ya bugi ƙirji da daddare,
"Ko duk sun gudu, ni da kai muna tare,"
Zakara bai yi cara ba ƙarfinsa ya ƙare,
Ya fita waje yana kuka mai ƙuna.

A bakin teku, ga gawayi ga kifi,
Yesu ya ƙi tone masa tsohon laifi, 
Sai tambaya uku da ta shiga da zurfi,
"Kana ƙaunata? To, ka yi kiwon tumakina."

Ɗan Narayi:
Baba, maganarku ta yi mini zafi jiya, har na kashe waya. Mama, taku ce ta dawo da ni.

Na ji, iyaye, na kuma gode,
Amma ƙofar aiki ba ta buɗe,
Kuɗin haya ya zo, aljihu a yage, a tsage, a suɗe,
In ban kawo aikina ba, me zan faɗa wa Ubana?

Tsohon Masaƙa, Kakuri:
Ka yi haƙuri da zafin bakin tsoho, ɗana. Ina da Littafi Mai Tsarki na mahaifina, fassarar Hausa ta 1932, wadda Dokta Miller na Wusasa yana cikin waɗanda suka yi aikinta. Bangonsa ya cire, da roba nake ɗaure shi. Wurin da tsohon ya ja wa layi da fensir shi ne Habakuk 3:17-18.

Ko ɓaure bai yi toho ba a bana,
Ko garke ya watse, ba amfani a gona,
Annabi ya ce zan yi murna da Allahna,
Bai jira rumbu ya cika ba kafin ya ce "Mai Cetona."

Faɗa masa haya ta zo, kar ka ɓoye,
Faɗa masa kana tsoro, ba a kewaye,
Haka 'ya'ya ke yi a gaban iyaye,
Ni ma daren yau zan sa ka a roƙona.

Mama Zumunta, Sabon Tasha:
Ran Alhamis matan zumunta za mu asibiti,
Da kunu a kula, da tuwo, da faranti,
Ƙafafunmu sun tsufa, ga nisan titi,
Zo ka ɗaukar mana kaya, ƙarfe goma, ƙofar gidana.