Jirgin da Ya Zaɓi Mutum da Kansa, Wa Za a Kama?

Zauren WhatsApp na 'yan ƙauyenmu, gefen Ringim

Kawu tsohon soja: Ina nan kan bakana. Idan jirgi marar matuƙi ne ya zaɓi wanda zai harba da kansa, babu wanda kotu za ta ɗaure. Sai da niyya ake laifi, ƙarfe kuwa ba shi da zuciya.

Gwaggo malamar firamare: Haba Yaya! To mutanen Tudun Biri fa? Ana tsakiyar Mauludi jirgi marar matuƙi na sojoji ya kashe sama da 80.

Auta ɗalibin lauya: Gwaggo, wancan na Disamba 2023 mutane ne ke sarrafa shi, shi ya sa aka samu hafsoshin da sojoji suka ce za su gurfanar. Wanda Kawu ke nufi irin Kargu-2 ne na Turkiyya, da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce an saki irinsa kan mayaƙan madugun yaƙi Khalifa Haftar a Libiya, yana farautar mutane ba tare da jiran umarni ba.

Kawu: Yawwa. Na yi aikin nan, yaro. Ko da idonka biyu, manomi ya saɓo fartanya da magariba sai ka rantse bindiga ce. Ina ga na'ura?

Malam Liman: Sai ka ba da hujja a kan kanka, Alhaji. Ka san tana iya ruɗewa, kuma ka sake ta. Damina biyu da suka wuce shanu sun kwana cikin geron Gwaggon nan, sai kara suka bari a tsaye. A gaban mai gari saniya aka tuhuma? Wanda ya sake su da dare shi ya biya. A Risala ma an ce mai kora dabba da mai janta da mai hawanta su ke da alhakin abin da ta taka.

Kawu: Allah ya gafarta Malam, wannan biyan ɓarna ne, kamar diyya. Ni ɗauri nake magana.

Auta: Nan Kawu yana da gaskiya. Sashe na 28 na Yarjejeniyar Rome, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, yana kama kwamanda idan ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa yaransa za su yi laifi. Yaransa fa, mutane. Kwamanda zai ce injiniya ne, injiniya ya ce kamfani, kamfani ya ce gwamnatin da ta saya. Shi ya sa Guterres, a matsayin Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nemi a yi sabuwar doka.

Gwaggo: Kafin su gama taronsu fa? Ni wanda ya danna ya sake shi saman gari, alhali ya san da mata da yara a ƙasa, shi ne mai kisan. Ko na'urar ce za ta zo wa uwar yaro ta'aziyya?

Kawu: Ƙaramin soja za su miƙo miki, wanda aka ce danna ya danna. Wannan ne abin da ke ci mini rai.

Malam Liman: To a fara da wanda ya ce masa ya danna. An kira Isha'i, mu ƙarasa a ƙofar masallaci.