Me ya sa sujadar iyali ke mutuwa a hannun maigida, kuma yaya namiji zai faɗi gaskiya a ikkilisiya?

Ɗan Zumunta ya rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Kowace shekara a makon maza ana yi mana wa'azi a kan Joshuwa 24:15, "ni da gidana za mu bauta wa Ubangiji". Maza su koma gida da zafinsu, a fara sujadar iyali. Kafin wata ya ƙare ta koma hannun uwargida, ko ta mutu gaba ɗaya. Ina roƙon iyayenmu da suka san abin su yi mana bayani dalla-dalla: wane lokaci ya fi, minti nawa, me za a karanta, kuma yaya wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ko direban da ke kwana a hanya zai yi? Tambaya ta biyu: in mutum ya ga abin da ba daidai ba a ikkilisiya, misali a lissafin baiko ko a halin wani dattijo, ta ina zai fara magana ba tare da ya raba kan jama'a ba?

Malamin Ajin Baftisma ya amsa:

Salama ɗan'uwa. Yawanci tsayi ne ke kashe ta. Mutum ya dawo daga taro zuciyarsa na ci, ya tara iyali awa guda, ya yi waƙa uku, ya karanta babi biyu, ya ɗora wa'azi. Ran na huɗu shi kansa ya gaji. Minti 10 zuwa 15 ya isa gidan da ke da ƙananan yara.

Kada ka ce "za mu riƙa yi da dare", domin dare ba shi da ƙofa. Ka ɗaura ta a jikin abin da ba ya fashi a gidan. Mafi sauƙi shi ne da an gama cin tuwon dare, kafin a kwashe kwanuka, tun kowa yana zaune. In ka bari aka tashi, wannan ya tafi kallo, wancan ya ɗauki waya, sai ka koma kiran mutane da faɗa, kuma sujadar da aka fara da faɗa ba ta yin nisa.

Ga yadda za a raba mintocin. Waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi, baiti biyu da amshi, kamar minti 3. A riƙe waƙa guda har mako ya zagayo don yara su haddace. Sai karatu, aya 8 zuwa 12, kada a wuce. Sai tambaya biyu ko uku maimakon wa'azi: me ya faru a nan, me wannan ya nuna mana game da Yesu, me za mu yi gobe saboda shi. A fara tambayar ƙaramin yaro, domin in babba ya riga ya amsa, ƙaramin zai maimaita ne kawai. Sai addu'a, mutum biyu, a kan abin da ke da suna: jarrabawar wane, ciwon kaka, kuɗin haya, maƙwabcin da aka yi wa rasuwa.

Kuskure na biyu shi ne farawa daga Farawa da niyyar zuwa Wahayi. Labaran Ibrahim da Yusufu da Musa suna tafiya da daɗi, amma da an kai Fitowa 25, awon alfarwa, aka shiga Littafin Firistoci, sai yara su fara gyangyaɗi, uban ma ya rasa abin faɗa. Ku fara da Markus. Babi 16 ne, aya 678. In ana karanta aya 10 a rana, kwana shida a mako, cikin wata biyu da rabi kun gama, kuma iyalin sun ɗanɗana yadda gama littafi yake. Daga nan Luka, Ayyukan Manzanni, sannan a koma labaran Tsohon Alkawari. Karin Magana mai babi 31 ya dace da karatun maigida shi kaɗai, babi ɗaya kowace ranar wata. In za a karanta shi da yara, a duba babi 5 da 7 tukuna, domin suna maganar zina a fili.

Game da juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohon na 1932 yana da daɗi a bakin dattawa, amma Hausarsa tana yi wa yaran yanzu nauyi. A yi amfani da juyin da yaran ke ganewa. In a Turanci suke karatu a makaranta, ɗaya ya karanta da Hausa, ɗaya ya maimaita aya ɗaya ko biyu da Turanci.

Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba kada ya ji kunya. Yaro ya karanta, ko a kunna Littafi Mai Tsarki na saurare a waya. Aikin uba shi ne ya riga kowa zama, ya kira, ya yi tambayoyin, ya rufe da addu'a. Direba ko mai aikin dare ya bar wa uwargida jerin ayoyin mako, ya kira a lokacin da aka saba, a ƙara muryar wayar, ya yi addu'ar rufewa ko da minti 2 ne.

Abu biyu da za a kiyaye. Kada a mai da sujada kotu. In yaro ya fasa tulu ko ya faɗi jarrabawa, a yi maganar a wani lokaci dabam, domin in ya gane cewa kowace aya bulala ce da aka tanadar masa, zai tsani littafin. Kuma in an yi fashin kwana uku, kada a ce za a rama. A ɗora daga inda aka tsaya.

Uwar Zumunta ta amsa:

Malam, na gode, tsarin nan daidai ne. Amma 'ya'yana maza, ku bar ni in faɗi abin da mata ke faɗa a tsakaninsu. Sau da yawa ba tsayi ne ke kashe sujada ba. Abin da yara suka gani da rana ne. Mutumin da ya zagi uwarsu da la'asar, in ya buɗe Littafi da dare, bakinsa ne kawai ke motsi, ba wanda ke ji. Bitrus ya faɗa a fili a 1 Bitrus 3:7 cewa yadda miji ke zama da matarsa yana iya tare addu'arsa. Maganin ba wuya gare shi a faɗa, a yi ne da nauyi: in a gaban yara ka yi laifin, a gabansu za ka ce "ki gafarce ni". Ba a ɗaki a ɓoye ba. Wannan ba ya rage girman uba ko kaɗan.

Masu son sujadar asuba kuma su duba agogon matar. Ƙarfe 5:30 tana hura wuta, tana dama kunu, tana yi wa yara wanka. In maigida ya zauna a kujera yana kira "ku zo mu yi addu'a", ya ƙara mata kaya ne. Ya ɗauki wankan yaran ko ɗiban ruwa, sai minti 15 ɗin su fito.

Ku da kuke son Afisawa 5:22, wadda ta ce mata su yi wa mazansu biyayya, ku ƙirga ayoyin. Uku ne aka yi wa mata, 22 zuwa 24. Daga 25 zuwa 33 kusan duka a kan miji ne, kuma ma'aunin da aka ba shi shi ne Almasihu da ya ba da ransa. Aya 21 ma ta riga su duka, ta ce a yi wa juna biyayya. Babu inda duka ya shiga. Wanda ke ɗaga wa matarsa hannu dattawa su zaunar da shi, kada a ce wa matar ta ƙara haƙuri kawai.

Sai kuɗi, inda gidaje da yawa ke tsagewa. 1 Timoti 5:8, a kan wanda ba ya kula da iyalinsa, ba ta yi wa namiji sassauci ba. A zauna da uwargida ranar da albashi ya shigo, ko bayan an sayar da amfanin gona, da takarda da biro. A rubuta abin da ya shigo na gaskiya. A cire zakka da baiko, abinci, haya. Kuɗin makaranta zango uku ne a shekara, a haɗa su a raba 12 a riƙa ajiyewa duk wata, kada Satumba ta zo a shiga neman bashi. Taimakon dangi ma a sa masa iyaka tare, nasa da nata, domin wanda ake yi a ɓoye shi ne ke haifar da zargi.

Kan tarbiyya, ku sake karanta labarin Eli. Mutane suna cewa bai yi wa 'ya'yansa magana ba. Ya yi, tana nan a 1 Sama'ila 2:23-25. Abin da bai yi ba shi ne hana su, ya bar Hofni da Finehas a kan aikin firist suna ta ɓarna. In ka ce wa yaro za a karɓe waya in ya sake, to ya sake ɗin a karɓe, na kwanakin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi.

Mai Riƙe Littafin Minti ya amsa:

Baba Malam da Mama sun gama da gida, bari in ɗauki tambaya ta biyu. Kafin ka buɗe baki, ka raba abin da ka gani da idonka da abin da aka gaya maka. Ka rubuta rana da abin da ya faru. In ji kawai ka yi, ba ka da magana tukuna.

In laifin mutum ɗaya ne, Matiyu 18:15-17 ta jera matakan. Ka same shi shi kaɗai, a gidansa, ba a ƙofar coci bayan sujada ba. Ka fara da tambaya: "Baba, na ga kaza, ko akwai abin da ban gane ba?" In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. A nan ake yawan kuskure, sai mutum ya ɗauki abokansa ko 'yan yarensu. A ikkilisiyar da ke da ƙabilu da yawa, nan take magana ta tashi daga laifi ta koma "suna so su ture namu". Ka zaɓi wanda shi mai laifin yake girmamawa, in da hali daga cikin mutanensa. In dattijo ne ko fasto, 1 Timoti 5:19 ta ce kada a karɓi ƙara sai da shaidu biyu ko uku. Daga nan sai takarda mai sa hannu zuwa majalisar dattawa, ka riƙe kwafi. In ba a duba ba, a hau mataki na gaba: a ikkilisiyar ECWA akwai majalisar LCC ta ƙaramin yanki sannan DCC ta gunduma, a COCIN akwai LCC sannan RCC ta babban yanki. Wanda ya tsallake ya zuba magana a zauren WhatsApp ya ba da dama a bar laifin a koma kan rashin ladabinsa.

In maganar kuɗi ce, kada ka ce wane ya ci. Ka nemi a gyara tsari, wanda zai kāre ma'aji mai gaskiya ma. Bulus kansa ya sa wasu 'yan'uwa su raka gudummawa don kada a zarge shi, 2 Korantiyawa 8:19-21. Mutum uku su ƙirga baiko da an tashi, ba 'yan gida ɗaya ba, kuma a riƙa canza su. Su sa hannu a takarda biyu, ɗaya ga ma'aji, ɗaya ga sakatare. A kai banki ranar Litinin, kada a kashe ko sisi daga kwandon kafin a kai. Masu sa hannu a asusu uku, sai biyu sun sa kafin kuɗi ya fita. Rahoto ga jama'a duk wata uku, bincike daga waje sau ɗaya a shekara. Ka kawo wannan a taron ikkilisiya a matsayin shawara, ka nemi a rubuta shi a minti.

Akwai abin da ba ya bin waɗannan matakan. In an yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, ba a sasantawa a ofishin fasto. Asibiti da gaggawa, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, sannan 'yan sanda. Horon ikkilisiya ya biyo baya, ko wane ne mai laifin.

Ɗan Unguwa ya amsa:

Ƙari kaɗan kan unguwa. A wurarenmu da suka ga rikici, matasa suna ɗauka jarumi shi ne wanda ya fara fita. Amma tsayawa a gaban yaranka ka ce ba za a taɓa matafiyin da bai san komai ba, alhali jini na tafasa, ya fi wuya, domin naka ne za su kira ka maci amana. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin addini na 1992 a Kaduna, daga baya a 1995 shi da Imam Muhammad Ashafa suka fara aikin sulhu tare a Kaduna. Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, jihar Adamawa, bai musanta bangaskiyarsa ba har Boko Haram suka kashe shi a Janairu 2020. Duka biyun ƙarfin hali ne.

Nehemiya 4:9 ta haɗa addu'a da tsaro. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka zumuntar maza ta riƙe lambar mai unguwa, ta DPO da ta limamin masallacin da ke kusa tun ana zaman lafiya, a riƙa zuwa gaisuwar rasuwa da barkar salla. A naɗa mutum biyu da za su tabbatar da kowane labari kafin a yaɗa. Kowane gida ya san inda yara za su taru in abu ya tashi suna makaranta.

Ɗan Zumunta ya sake rubutawa:

Allah ya saka, iyayena. Saura ɗaya: yaro mai shekara 15 ko 16 da ke zama ya haɗe rai, ba ya waƙa, ba ya amsawa fa?

Malamin Ajin Baftisma ya amsa:

Zama dole ne, kamar cin abinci tare, amma kada ka tilasta masa addu'a da baki. Ka ba shi aiki: ranar Laraba shi zai zaɓi waƙa ya yi tambayoyin, kuma kada ka gyara masa a gaban ƙannensa. Sannan ka nemi lokacin ku biyu, a hanyar gona ko wurin gyaran babur, ka tambaye shi abin da bai yarda da shi ba. In ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce ba ka sani ba, ku je wurin fasto tare ranar Lahadi.