Neman kalmar Hausa: me za mu kira co-production?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakonku a kan kalmar da masu harkar talabijin ke kira co-production, wato a haɗa jari a shirya fim ko shiri tare, kowa da kasonsa. "Haɗin gwiwa" ne ke fara zuwa baki, amma bai gamsar da ni ba, ga kuma dalili.

Mutanen ƙasar Ayislan ba su kai 400,000 ba. Gidan talabijin ɗinta na gwamnati, RÚV, ba shi da ƙarfin da zai biya wa shiri mai dogon zango na a-zo-a-gani shi kaɗai. A ƙarshen 2015 ya fara nuna shirin Trapped, kashi 10, wanda aka ɗauka a Siglufjörður, wani ɗan garin masunta a ƙuryar arewacin tsibirin. Aiki a irin wannan wuri cin kuɗi gare shi. Da hunturu hasken rana na 'yan sa'o'i ne, dusar ƙanƙara na toshe hanya, ga jigilar ma'aikata da kayan aiki, ga masauki. Tashar ZDF ta Jamus ta shiga cikin masu shirya shi da kuɗinta. BBC kuwa haƙƙin nunawa ta saya, ta sa shi a 2016. In na rubuta cewa duka biyun haɗin gwiwa suka yi da 'yan Ayislan, mai karatu zai ɗauka matsayinsu ɗaya, alhali ɗaya na da kaso a cikin kayan, ɗayan mai saye ne. Kalmar da za ta raba su nake nema.

Sa'adu: Malam, me zai hana a ce "shirin gayya"? Kowa ya zo da fartanyarsa.

Malam Habu: Na gode Sa'adu, amma ɗan gayya in ya sha fura ya tafi gida, ba ya dawowa da kaka ya ce a auna masa. Amfanin na mai gona ne. A nan kuwa duk wanda ya sa hannu yana jiran rabonsa.

Lawan: Ni da nake cikin sana'ar, bari in faɗi yadda muke rubutawa a ƙarshen fim. Akwai "shiryawa", akwai "bada umarni", akwai "ɗaukar nauyi". Mai ɗaukar nauyi alhaji ne ko kamfani da ya ba da kuɗi, wani lokaci don a sa tallarsa. Wannan ma ba shi ba ne, don haka a cire shi daga lissafi. Abin da ya fi kama da shi a wurina watanda ne. A haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, kowa ya ɗauki kashi gwargwadon abin da ya zuba. Haka suke yi: Bajamushe ya riƙe haƙƙin nunawa a Jamus, ɗan ƙasa ya riƙe na gida, abin da aka sayar wa sauran duniya a raba.

Hajiya Rabi: Lawan ya kusa, sai dai watanda na da matsala biyu. Kalmar ta riga ta ɓaci a bakin 'yan jarida. Da ka ce "an yi watanda" hankalin mutum zai tafi kan wawure dukiyar jama'a. Sannan masu watanda ba su ne suka yi kiwon san ba, gamammen abu suka tarar. Abokin co-production yana nan tun labari na kan takarda, kuma yana da ta-cewa a kansa. Wannan ce gaɓar da ba na so kalmarmu ta ɓoye.

Ku dubi Midnight Sun na 2016, wanda Canal+ ta Faransa da SVT ta Suwidin suka shirya, kashi 8. A Kiruna labarin yake, garin haƙar tama da ke arewa da layin Atik, can ƙuryar arewacin duniya, inda rana ba ta faɗuwa tsawon makonni da bazara, garin da ake ɗage tsakiyarsa zuwa wani wuri saboda ramin ma'adinai na cin ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Wa aka kashe a farkon shirin? Bafaranshe. Wa aka turo bincike? 'Yar sanda daga Faris, wadda Leïla Bekhti ta fito a matsayinta. Haka Arctic Circle na 2018, na 'yan Finlan da Jamusawa: 'yar sandan garin Ivalo na arewacin Finlan ce a tsakiyar labarin, sai ga likitan ƙwayoyin cuta Bajamushe an kawo mata abokin aiki. Kuɗin kowace ƙasa ya shigo da fuskarsa da harshensa. Ban ce laifi ba ne, don ba da hakan ba da wuya a ɗauki shirin ma. Amma yana damuna cewa mutanen Sami, masu kiwon barewar dusar ƙanƙara da suka riga kowa zama a yankin, ana ganin tufafinsu ana jin waƙarsu a allo, ba kuma su ke zaune a teburin da ake raba kaso ba. Suna da cibiyar fim tasu a Kautokeino ta ƙasar Norwe, wadda ke fafutukar a riƙa ba da labarinsu da bakinsu. In muka fassara kalmar da wani abu mai laushi kamar "taimakekeniya", mai karatu ba zai taɓa tambayar wa ke ciki wa ke waje ba.

Ni "haɗaka" nake ba da shawara.

Alhaji Bala: Ko musharaka, tunda bankunan Musulunci sun riga sun saba mana da ita?

Hajiya Rabi: Ma'anar ta yi daidai ranka ya daɗe, har da raba riba da asara. Amma ta yi wa labarin nishaɗi nauyi, kuma ba kowane mai sauraron rediyo ne zai gane ta ba sai an yi masa bayani.

Issoufou, daga Damagaram: A nan masu wannan sana'a, kalmar Faransanci suke faɗa yadda take, rediyo kuma ya ce haɗin gwiwa. Amma haɗaka ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu. In mutum biyu sun haɗa jari sun buɗe shago, kowa ya san na haɗaka ne, kuma ɗaya ba ya sayar da kaya shi kaɗai. Ina goyon bayan Hajiya. Tambayata: in baƙi sun zo sun ɗauki fim a ƙasarka, shi ma haɗaka ne?

Malam Habu: Madalla da wannan tambaya Malam Issoufou. A'a. Zango na 4 na True Detective, wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna a 2024, labarinsa a Alaska yake amma a Ayislan aka ɗauke shi. Gwamnatin ƙasar tana mayar wa masu fim kashi 25 cikin 100 na abin da suka kashe a can, a 2022 kuma ta ɗaga shi zuwa 35 ga manyan ayyuka. 'Yan ƙasa sun samu aiki an biya su, amma shirin na Amurkawa ne ɗungurungum. Wannan "aikin kwangila" zan kira shi, kamfanin gida kuma "ɗan kwangilar ɗauka".

Lawan: Damuwata ɗaya, yanzu da an ce haɗaka sai a tuna 'yan siyasa.

Hajiya Rabi: Shi ya sa ba za ta tsaya ita kaɗai ba. "Shirin haɗaka", "fim ɗin haɗaka". Da ka sa shiri a gaba, siyasa ta fita.

Malam Habu: To na karɓa. Zan rubuta "shirin haɗaka", in ya ƙetare iyaka in ce "shirin haɗaka na ƙasa da ƙasa". Kowane ɓangare "abokin haɗaka" ne, wanda ya fi zuba jari "mai babban kaso", ɗayan "mai ƙaramin kaso". Tashar da ta saya kawai "mai sayen haƙƙin nunawa" ce. "Haɗin gwiwa" zan bar shi ga irin Nordvision, ƙungiyar da gidajen talabijin na gwamnatocin arewacin Turai suka kafa a 1959, suna musayar shirye-shirye suna kuma ƙulla haɗaka a ƙarƙashinta. Lawan, in ka shiga lokeshan gobe ka gwada kalmar a kan furodusoshi, ka gaya mana ko ta zauna a bakinsu.