Sabon samfuri da farashin tsohon agogo

Tambaya: Jama'a, idan kamfani ya fitar da sabon samfurin agogon hannu mai tsada, farashin tsohon yakan faɗi ne ko yakan tashi?

Amsa: Malam, daina ƙera tsohon shi ya fi tasiri. A 2020 kamfanin Rolex ya ƙara faɗin agogonsa mai suna Submariner daga milimita 40 zuwa 41, sai tsohon mai koriyar fuska ya ƙara tsada, domin masu nemansa sun yi yawa kuma ba za a sake ƙera shi ba.

Amsa: Haka ne, amma agogon Nautilus 5711 na kamfanin Patek Philippe, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan sanarwar daina shi a 2021, ya sauko a 2022.

Amsa: A ganina, agogon da ba a rububinsa yakan rage daraja idan injin sabon ya fi inganci.