Masu shafin sayar da hoto suna ta mayar min da hotuna, za a rufe akawun ɗina ne?

Ɗan Jidda: Salam 'yan uwa, na ɗauki hotuna a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, bayan magariba da waya, na tura shafin sayar da hoto, yawanci sun dawo wai akwai dishi-dishi, wallahi hankalina ya tashi, rufe ni za su yi?

Baƙon Madina: Kwantar da hankalinka ɗan uwa, mayarwa kaɗai ba ta cika jawo rufewa ba, abin da ke jawowa shi ne ka riƙa maimaita tura hoton da aka ƙi ba gyara, ko hoton wani. Ka ƙara girman hoton a allo zuwa ɗari bisa ɗari ka duba shi kafin ka tura.

Hajiya Makka: Ƙanena ka fita da safe, akwai haske. Kuma fuskar mutane sai da takardar izininsu, tambarin shago ma ka kauce masa.